Kafin ka sayi Hilux ɗin gona

Ɗan'uwa, in Hilux mai jan ƙafa huɗu za ka saya don kwaso tumatir daga gonakin dam ɗin Watari, ajiye maganar gayu ka ɗauki manuwal.

Otomatik akwai daɗi a cunkoson Kano, ba musu. Amma ranar da batir ya mutu maka a bakin fadama, manuwal samari huɗu za su tura ta tashi. Otomatik kuwa ba ta san turi ba. In kulochi ya ƙone, makaniken Bichi zai canza maka. In giyar otomatik ta lalace fa? Sai Ƙofar Ruwa, da kuɗi masu kauri, ga tumatir na ruɓewa a kwando.

Ba ka iya manuwal ba? Ka koya kafin lokacin ɗiba.