Wa ya riƙe jinjirin Maya?

 Yau nesa za mu je, can Amurka, mu koma baya shekara tamanin, mu ji labarin wata yarinya baƙar fata da ta samu ciki ba aure. Magana ce da ba a son yi da ƙarfi, amma ba gidan da zai bugi ƙirji ya ce ya fi ƙarfinta.

A wancan zamani, in ɗiyar Turawa ta yi ciki, iyaye sukan kai ta wani gida na ɓoyo, a ce wa maƙwabta ta je wajen gwaggonta. In ta haihu a karɓe jinjirin a ba wasu ma'aurata, a rufe takardu, ta koma gida kamar ba a yi komai ba. Daga 1945 zuwa 1973 an ƙiyasta jarirai kamar miliyan ɗaya da rabi aka raba da uwayensu ta haka, kuma da yawa cikin uwayen har suka tsufa ba su daina kuka ba.

Baƙar fata kuwa, galibin waɗannan gidaje ba su karɓarsu, ofisoshin ba da riƙo ma ba su damu da neman wa jariransu gida ba. Sai ya zama mafi yawansu a gida suke haihuwa, kaka ko inna ko yaya ta karɓi goyo, ba takarda ba alƙali, kamar dai riƙon da muka sani. Amma makaranta fa, da ciki ya fito sai kora. Sai 1972 aka yi dokar da ta hana korar ɗaliba don tana da ciki.

A cikin wannan hali Maya Anjelu ta samu ciki a birnin San Faransisko, tana da shekara 16, tana ajin ƙarshe. Wanta ya ba ta shawara ta yi shiru har ta karɓi takardar gama makaranta. Haka ta yi, wata takwas tana ɓoyo. Da uwarta Bibiyan ta ji, ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ta ko tana son yaron da ya yi mata cikin, ko shi yana son ta. Da ta ji babu, sai ta ce ba za a yi auren da zai lalata rayuwar mutum uku ba. A 1945, mako uku da gama makaranta, Maya ta haifi ɗa namiji, uwar na tsaye kanta.

Kar ku ce daga nan sai daɗi. Ta kama ɗakin haya, ta yi aikin girki a gidan abinci, ta yi rawa da waƙa a gidajen dare, ta faɗa hanyoyin da ita da kanta daga baya ta faɗi cewa ba su da kyau. Duk lokacin da duniya ta kayar da ita, gidan uwarta take komawa, ba a taɓa ce mata “ai na gaya miki” ba.

A 1954 dama ta zo. Wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗauke ta yawon ƙasashe 22. Nan ne tsaka mai wuya: ta tafi ta bar yaro ɗan shekara 9, ko ta zauna ta bar abin da ta daɗe tana nema? Ta tafi, ta bar shi hannun uwarta. Da ta dawo ta tarar da shi fatarsa duk ƙuraje, yana tsoron ta sake tafiya. Abin ya kusa taɓa mata hankali. Daga ranar ta yi alkawarin duk inda za ta, da shi za ta. Ta kuwa cika: tare suka je Alƙahira, tare suka zo Akra a 1962. Littafinta na farko ya fito a 1969, kuma a 1993 ita ta karanta waƙa ranar rantsar da shugaba Bil Kilinton.

Ba kowace yarinya ce ta samu irin Bibiyan ba. A 1960 jihar Luwiziyana ta yi doka ta yanke tallafin gwamnati ga macen da ta haihu ba aure, wai gidanta bai dace da tarbiyya ba. Yara kamar 23,000 suka rasa abinci, kusan dukansu baƙar fata. Laifin manya, yunwa a cikin yara. Majami'u da ƙungiyoyin baƙar fata ne suka riƙa tara abinci suna rabawa, har daga Ingila mata suka aiko da taimako.

To ƴan uwa, in kun duba, basirar Maya tana nan tun kafin ciki, ba ta tafi ko'ina ba bayansa. Abu biyu suka hana ta nutsewa: takardar makaranta da ta kai hannunta, da mace ɗaya da ta ce kawo yaron, je ki nema. Ba ina cewa abin da ta yi daidai ba ne, ita ma ba ta ce ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

In kun zauna wannan mako, bayan an rufe akwati, ku tambayi juna: in ɗiyar ɗayanmu ce, wa za ta karɓi goyo har ta gama karatu? Ku aiko mana da abin da kuka yanke. Allah ya shirya mana zuri'a, ya rufa mana asiri. Sai fitowa ta gaba.