Daga Bakin Ruwa: Masuncin Da Ke Mayar Da Kifi Ruwa

 

Kwanan baya muna zaune a rumfar masu bandar kifi, sai wani yaro ya miƙo wayarsa mu kalli wani Ba'amurke yana su. Mutumin shi kaɗai ne bisa wani ɗan jirgin roba a tsakiyar ƙaramin tafki. Ya jefa fatsa, ya jawo kifin da zai ishi gida guda miyar kwana biyu. Ya ɗora shi kan allon awo, ya ɗauki hotonsa, sai kawai ya mayar da shi ruwa. Nan fa rumfa ta kaure da dariya. Wani dattijo ya ce wannan ƙoshi ne ke damunsa. Mu ma da mu aka yi dariyar, amma da muka bi diddigi sai muka tarar akwai magana a ciki.

Shi wannan jirgi kayak ake ce masa. Asalinsa na Inuwit ne, mutanen ƙasashen ƙanƙara na can arewacin duniya, waɗanda kan ɗinke fatar dabbar ruwa bisa firam na itace ko ƙashi su fita farauta. Na yanzu da roba ake ƙera shi, tsawonsa mita 3 zuwa 4, mutum guda zai iya ɗora shi saman mota. Filafilinsa baki biyu gare shi, ana tuƙi dama da hagu. A 1997 kamfanin Hobie ya fito da irin wanda ake tuƙawa da ƙafa kamar keke, don hannu ya samu sararin riƙe sandar fatsa. Babban amfaninsa shi ne shiru. Ba ƙarar inji, ba warin mai, kuma yana kutsawa cikin ciyayi da lungunan da babban jirgi ba ya shiga. Duk wanda ya taɓa su a kan gora ya san abin da muke nufi.

Kifi iri biyu suka fi nema a irin waɗannan tafkuna, bas da tirawut, kuma halinsu ya sha bamban. Bas mafarauci ne mai faɗin baki, kamar giwan ruwa amma bai kai shi girma ba. Wanda aka daɗe ana kafa misali da shi, wani mai suna George Perry ya kama shi a jihar Jojiya a 1932, nauyinsa kilo 10 da ɗan ɗoriya, sai a 2009 aka kama daidai da shi a tafkin Biwa na Japan. Bas ruwan ɗumi yake so, yana laɓewa ƙarƙashin ciyayi ko gungumen da ya faɗa ruwa. Saboda haka masunci kan bi gefen tafki da asuba yana jefa koton ƙarya, wato tana ko kwaɗon roba, yana ɗan fizgarsa kamar mai rai. Shi kuwa tirawut ɗan ruwan sanyi ne. Da zarar zafin ruwa ya haura digiri 20 sai ya galabaita, don haka lokacin zafi yakan gangara can ƙasa. Mai nemansa sai ya saki igiya mai ɗan nauyi a bayansa, ya riƙa tuƙi a hankali yana janta.

To, me ya kawo mayar da kifi ruwa? Ƙaramin tafki ba kogi ba ne, abin da ke ciki ƙidayayye ne. Idan hunturu ya wuce, namijin bas ne ke share gurbi a bakin gaɓa, ya tsaya gadin ƙwai da 'ya'ya. Aka ɗauke shi, cikin ɗan lokaci ƙananan kifaye sun wawashe gurbin. Masu gasar kamun bas a Amurka da farko jibge matattun kifaye suke yi a gaban ma'auni, har a 1972 ƙungiyarsu ta B.A.S.S., wadda Ray Scott ya kafa, ta soma gasar da ake sakin kifi da ransa. Masu kayak ba su da wurin ajiye kifi, shi ya sa gasarsu ta zama ta awon tsawo da hoto, abin da muka gani a wayar yaron ke nan.

Ba wai ba sa cin kifi ba ne. Hukumomin jihohi kan ƙyanƙyashe tirawut su zuba a tafkuna, mutum ya kama ya kai gida, amma da lasisi a aljihu, da iyakar adadin da zai ɗauka a rana, wani wurin har da tsawon da kifi zai kai. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne inda kuɗin aikin ke fitowa. Tun 1950 akwai dokar da ta sa haraji kan kayan su, kashi 10 cikin 100 a kan mafi yawansu, kuma kuɗin ana raba wa jihohi ne don kula da kifi da ruwa, ba don wani abu dabam ba.

Mun san su nishaɗi suke yi, mu kuwa tuwo muke nema. Ba za mu dubi magidanci mai iyali goma a Lagdo mu ce ya saki giwan ruwan da ya kwana yana nema ba. Kuma sakin nasu ma ba kullum yake ceton kifin ba, tirawut ɗin da aka wahalar cikin ruwan ɗumi sau da yawa mutuwa yake yi bayan an sake shi. Amma waɗanda suka ga shekarun farko bayan kammala madatsar a 1982 sun san girman kifin da ake fitarwa a lokacin, sun kuma san abin da ake shanyawa yau. Masu jan taru mai ido kamar gidan sauro, da masu satar shiga ruwa da dare lokacin hutun su na damina, ba baƙi ba ne gare mu, tare muke cin kasuwa. Karfasa mai tsawon yatsa da muke saye a kwano, mu masu banda da dillalai ne ke ba ta farashi.

Da muka koma rumfa muka kwashe duk wannan muka faɗa wa dattijon nan. Ya ce shi dai har yanzu yana nan kan bakansa, ƙoshi ne. Sai dai batun harajin ƙugiya da ke komawa cikin ruwa, wannan ya ce a sake yi masa bayaninsa a hankali, yana so ya tayar da shi a taron masunta na gaba.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.