Faɗin Hanya Ba Ya Maganin Cunkoso

Jama'a, duk sa'ad da motoci suka cushe a Woolwich sai ka ji ana cewa a faɗaɗa hanya. Ni dai ban yarda ba. Ku dubi hanyar Plumstead, wadda masallaci yake bakinta. A shekarun 1980 aka ratsa da ita ta bayan tsohuwar ƙofar Arsenal, har ƙofar ta rage ita kaɗai a bakin kasuwar Beresford. Motoci sun sami fili, amma cunkoso na nan. Tun 2022 da aka buɗe tashar jirgin Elizabeth a wancan gefe, mai fitowa daga kasuwa tilas ya ƙetare hanyar, tsoho da sandarsa, mace da goyonta.

Haka aka yi a Blackwall, yamma da mu. An buɗe rami na biyu ƙarƙashin kogin Thames a 1967, ya cika, har aka ƙara na Silvertown a 2025, da kuɗin wucewa kuma.

Roƙonmu ga hukuma shi ne a ƙara wuraren ƙetarawa, a kuma sa fitila ta jira tsoho ya kai gaci kafin ta saki motoci.