CINIKIN BIRI A SAMA

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, a watan Oktoba na 2019 kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya ba da sanarwar an sami man fetur a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. A Nuwamba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya buɗe aikin, aka ce akwai mai fiye da ganga miliyan dubu. Mun yi murna kamar kowa. Amma mu da muka saba da ciniki mun san ba a biyan kuɗin buhu sai an huda shi an ga abin da ke ciki.

To, yaya ake auna man da ba wanda ya taɓa gani? Man fetur ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa. Yana jiƙe ne cikin ƙananan kafofin dutse, kamar yadda mai yake cikin ƙwayar gyaɗa. Masana sukan aika girgiza cikin ƙasa su saurari yadda ta dawo, da haka su kimanta faɗin dutsen. Rijiya kuwa ita ke nuna kaurinsa, da yawan kafofinsa, da kashi nawa ne ruwa ya cika maimakon mai. Sai a haɗa lissafin, a rage wani abu, gama mai yakan tsuke in ya fito sarari gas ya rabu da shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙiyasi ne, in ɗaya ya karkace jimla duka ta karkace. Don haka rijiya ɗaya ko biyu ba su isa shaida ba.

Sa'an nan abin da ke cikin dutse daban, abin da za a iya fitarwa daban. Mai ƙuli-ƙuli ta san komai matsarta sai mai ya saura a tunkuza. A yawancin filayen mai na duniya abin da ake samu bai fi wajen kashi ɗaya cikin uku ba. In ganga miliyan dubu ce ke kwance a dutse, kusan miliyan 330 ke nan za su zo hannu.

Shi ya sa masu wannan sana'a suka kasa lissafinsu uku: wanda aka tabbatar, wanda ake kyautata zato, da wanda ake fata kurum. Ko manya sukan yi tuntuɓe a nan. A Janairu 2004 kamfanin Shell ya soke ganga miliyan 3,900 daga abin da ya ce ya tabbatar, kusan kashi ɗaya cikin biyar. Oloibiri, inda aka fara samun mai a Nijeriya a 1956, ta daina bayarwa bayan shekara ashirin da 'yan kai, aka bar mutanenta da talaucinsu.

Saboda haka muna tambayar Gwamnati: miliyan dubun nan, na cikin dutse ne ko wanda za a iya fitarwa? Rijiya nawa aka haƙa aka gwada? A buga amsa da Hausa, kowa ya ji. Kada kuma a ci bashi da sunan man da ba a tabbatar ba, gama talaka ne zai biya da haraji.

Ku kuma manoman yankin, kada dillali ya ruɗe ku ku sayar da gona a kan jita-jita. Gani ya kori ji.