Kada mu tura ɗanmu Legas da ƙafar da ba ta gama warkewa ba



Tun makon jiya maganar ke yawo a majalisu da kuma nan shafin, cewa ɗanmu mai gudun fanfalaki ya dawo titi. Waɗanda suka fito sallar asuba sun gan shi yana ɗan sassarfa a hanyar Lafiya, bayan wata huɗu ba a ga ƙurarsa ba. Ba za mu kama suna ba, duk ɗan Adogi ya san wanda muke nufi. Kowa ya yi murna, mu ma mun yi. To amma kafin rana ta faɗi har wasu sun fara lissafin kuɗin mota zuwa Legas domin gasar watan Fabrairu, wani ma yana cewa bana sai mun gan shi a talabijin. A nan ne muke ganin ya kamata a taka birki.

Abin da ya kwantar da yaron nan ba karaya ba ce irin ta haɗarin babur. Tsagewa ce a ƙashin ƙwauri, irin wadda ke samun mai gudu idan ya yi ta ɗora wa ƙafa aikin da ya fi ƙarfinta kwana da kwanaki ba hutu. Da farko an ɗauka targaɗe ne, aka je wajen mai ɗori aka murza, ya ci gaba da gudu a kai. Ba laifin mai ɗori muke gani ba, sun san aikinsu kuma sun taimaki da yawa daga cikinmu. Sai dai irin wannan tsagewar hannu ba ya jin ta, ko hoton ƙashi na asibiti sau da yawa ba ya nuna ta a makonni biyu ko uku na farko. Kafin a gane gaskiyar lamarin ciwon ya riga ya yi nisa.

Yanzu zafin ya tafi, kuma nan ne haɗarin yake. Mutumin da ya shekara da shekaru yana gudu, idan ya dawo bayan jinya, numfashinsa ne ke fara dawowa. Cikin 'yan makonni zai ji ƙirjinsa ya buɗe, zuciya na ce masa ƙara wuta. Amma ƙashi da agara ba sa wannan saurin, su sai a hankali suke sake sabawa da dukan ƙasa. Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, taku sama da dubu talatin, kuma kowane taku yana sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jikin mutum sau biyu zuwa uku. Ƙafar da ta yi wata huɗu tana hutawa ba ta san wannan lissafin ba, ko da mai ita yana tuna lokacin da yake zuwa Lafiya ya dawo kafin a gama karin kumallo.

Wani ɗan uwa ya kawo mana misalin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, sannan a 1964 aka yi masa aikin afendis kimanin mako shida kafin gasar Tokyo, ya je ya sake ci, har ya kafa tarihin duniya. Gaskiya ne, haka aka yi. Amma a ƙarasa labarin mana. A 1968 a birnin Meziko, Bikila ya shiga gasar da rauni a ƙashin ƙafa, ko rabin hanya bai kai ba ya fita, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ɗauki zinaren. Yankan ciki bai hana shi ba, ƙashi ya hana shi. Idan ƙashi ya tsayar da Bikila, wane ne ɗanmu?

Misalin da ya fi dacewa da mu shi ne na Kenenisa Bekele, shi ma ɗan Habasha. A Janairun 2015 ya fita daga gasar Dubai bai ƙarasa ba, ciwon agara ya matsa masa. Bai sake yin gudun fanfalaki ba sai Afrilun 2016 a Landan, inda ya zo na uku. Wata goma sha biyar ke nan. A Satumban wannan shekarar ya ci gasar Berlin a awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 3, a 2019 kuma ya koma Berlin ya yi awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 41, daƙiƙa biyu kacal suka raba shi da tarihin duniya na lokacin. Wannan fa mutum ne mai likitoci da masu horarwa da kuɗin jinya, ba ya zuwa gona, amma sai da ya jira.

Namu kuwa gona yake zuwa. Wannan ne abin da masu lissafin Legas suka manta. Muna cikin Nuwamba, ana tonon doya, ana yankan shinkafa, ana ɗaukar buhu a ka daga gona zuwa bakin hanya. Ƙafar da ta yi gudu da asuba ita ce za ta wuni a gona, kuma ƙashi bai san bambancin atisaye da aikin gona ba, duk nauyi ne a wurinsa. Idan tsagewar nan ta dawo, ba gasa kaɗai zai rasa ba. Wata huɗun da ya yi a zaune, mun san wanda ya yi masa noman damina, kuma mun san ba a sami abin da aka saba samu ba.

A duba lissafin ma. Masu horar da 'yan gudu kan ware mako goma sha shida zuwa ashirin domin shirin fanfalaki, kuma wannan ga wanda dama yana gudu lafiya lau ne. Daga yau zuwa Fabrairu kimanin mako goma sha biyu ne. Shi kuwa mai dawowa daga tsagewar ƙashi, makonninsa na farko ba na shiri ba ne, na gwaji ne. Sai ya iya tafiyar rabin awa da sauri babu zafi, sannan ya fara haɗa gudun minti ɗaya da tafiya, yau ya yi gobe ya huta, a kan hanyar ƙasa ta cikin gonaki maimakon gefen kwalta inda ga tauri ga manyan motoci. Alƙalin kuma washegari ne da safe. Idan ya tashi ya danna ƙwaurin da yatsa ya ji zafi a wuri guda, to a tsaya a koma wurin likita. Ta yaya za a cusa duk wannan, da dogayen gudu na kilomita talatin, a cikin mako goma sha biyu?

Hanya ɗaya ce ake cusawa, kuma ita muka fi tsoro, wato ƙwaya. A je kemis a sayi diclofenac a kora kafin a fita, ko a faɗa wa tramadol. Zafin nan da ake kashewa shi ne kaɗai mai gaya wa mutum cewa ƙashi na sake buɗewa. Ga shi magungunan kashe zafi irin su diclofenac suna wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe da gumi. Tramadol kuwa, ban da bala'in da muka ga ya jawo wa matasa, tun Janairun 2024 hukumar WADA ta haramta shi a lokacin gasa.

Mun ji masu cewa idan aka hana shi zuwa gwiwarsa za ta yi sanyi, shekaru kuma ba sa jira. Wannan magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba, domin wanda ya saba da gudu zaman gida kurkuku ne a wurinsa. Amma ba a ce ya bar gudu ba. Akwai tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo da aka saba yi a watan Mayu, kodayake akwai hawa a hanyarsa. Idan ƙafa ta amince zuwa lokacin, ga abin sa wa gaba. Legas kuma tun 2016 ake yin ta kowace shekara, ba ta gudu ba.

Sai abin da ya fi damunmu, wanda laifinmu ne mu duka. Bara mun yi karo-karo mun saya masa takalmi, muka yi ta yayatawa a nan shafin. Yaro ne mai kunya, yana ganin bashi ne a wuyansa, kuma duk wanda ya tare shi a kasuwa ya ce "zakara, yaushe za a koma?" ƙara masa nauyin bashin yake yi ba tare da ya sani ba. Ba zai iya kallon dattawan da suka sa kuɗinsu ya ce bai shirya ba. Mu ya kamata mu faɗa masa, baki da baki, cewa ba ma binsa komai.

Shawararmu ita ce kuɗin motar da ake shirin tarawa a karkatar da shi. A kai shi sashen gashi a asibiti a Lafiya, likita ya duba ƙafar ya tsara masa yadda zai dawo, abin da ya rage a sa masa a abinci, ƙwai da wake da kifi da kindirmo, domin gudu da ƙarancin ci na cikin abubuwan da ke tsaga ƙashi tun farko. Masu keke a cikinmu kuma wani ya riƙa raka shi da asuba, ba don ya zuga shi ba, don ya ce masa ya isa haka.

Za mu kawo maganar a taron ƙarshen wata. Masu ra'ayin a je Legas su zo da hujjarsu, kuma muna roƙon a bar shi shi ma ya yi magana kafin manya su fara.

Allah ya ƙara masa lafiya.