Mai Son Zama Lauya, Tun Daga Aji Huɗu Ake Shiri

Duk shekara idan sunayen waɗanda jami'o'i suka ɗauka sun fito, maganar da ake ji a Dutsin-Ma da Kurfi ita ce: "Ai karatun lauya sai mai uwa a gindin murhu." Ban ce ba a yin alfarma a ƙasar nan ba. Amma a ganina, da yawa daga cikinmu tun a aji huɗu muke rasa gurbinmu, ranar da muke zaɓen darussa.

Na san wani yaro daga Kurfi, mai ƙwazo ƙwarai. Ya ci jarrabawar JAMB da maki mai kyau, amma ba a ɗauke shi ba. Iyayensa suka yi ta zargin an sayar da gurbinsa. Da aka duba takardunsa, ashe ba shi da kiredit a Adabin Turanci, domin ya ajiye darasin tun a aji huɗu, wai littattafan sun yi yawa. Shekara biyu ya yi a gida kafin ya gyara.

To, yaya ake yanke hukuncin ɗauka? Da farko ana duba sakamakon WAEC ko NECO. Ana son kiredit biyar, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, kuma jami'o'i da dama suna neman Lissafi. A jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, mai neman lauya yana rubuta Turanci da Adabin Turanci, sannan darussa biyu kamar Gwamnati ko Tarihi da Ilimin Addini. Bayan haka jami'a takan yi tata tantancewar, ta haɗa maki, ta jera sunaye daga sama zuwa ƙasa.

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi kowa maki, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma na jihohin da ke baya a ilimin boko. Katsina tana cikin wannan rukuni na ƙarshe, tana kuma cikin yankin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tsangayarta ta lauya take Kongo a Zariya. Ke nan ƙofa uku ce a buɗe gare mu. Sai dai babu ko ɗaya da za ta karɓi wanda takardunsa ba su cika ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa makin lauya yake tsada. Majalisar da ke kula da karatun lauya ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, domin bayan shekara biyar na digiri sai kowa ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi. An kafa ta a 1962, hedikwatarta tana Bwari, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Gurabe kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka, har a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke nan Katsina.

Iyaye kuma, a yi hattara da masu karɓar kuɗi da sunan nemo gurbi. Tun 2017 JAMB take tabbatar da ɗaukar ɗalibai ta tsarinta na intanet mai suna CAPS. Gurbin da bai bi ta nan ba, wahala ce ke jiran mai shi a gaba.

Shawarata ita ce, malamai su zauna da 'yan aji uku kafin su zaɓi darussa. Makaranta kada ta zauna ba malamin Adabi. Iyaye su sayi littattafan, mu kuma mu karanta su, kada mu dogara da taƙaitawa. Mai Shari'a Mohammed Bello, ɗan Katsina, shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, daga 1987 zuwa 1995. Hanyar ba baƙuwa ba ce gare mu. Da sanyin safiya ake kama fara.