Jirgi Yana Tafiya Ana Gyaransa

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Kibo, ko wata unguwa ta cikin birnin Zariya, ya san aikin da ke tasowa idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Maigida zai aika a kira magini, a kawo jar ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta jiƙu, sa'an nan a hau soro a yi yaɓe, a toshe tsaga, a gyara indororo. Babu wanda ke kwashe iyalinsa don ana wannan aiki. Uwargida tana tuƙa tuwo a tsakar gida, yara suna karatun allo a zaure, magini kuwa yana bisa kansu yana aikinsa. Da yawa daga cikinmu a irin waɗannan gidaje aka haife mu, amma sai da muka shiga jami'a muka fara ganin wannan aiki kamar alamar talauci.

Abin da ya tuna mana da yaɓen shekara shi ne labarin manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, irin waɗanda masu hali ke shiga su yi mako guda ko biyu a kan teku don hutu. Irin wannan jirgi gari ne sosai. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Wani abin da fasinjojin irin waɗannan jirage ke yawan kuka a kai shi ne gyara. Mutum ya biya kuɗi mai yawa don ya huta, sai ya ji ƙarar guduma da sassafe, ko warin fenti ya ishe shi, ko ya tarar an rufe wurin ninƙaya ana aiki. Sai ya ce, me ya hana a gama gyaran nan kafin a ɗauko mu?

Amsar ita ce gyaran jirgin ruwa ba ya ƙarewa. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe dare da rana, don haka kullum za a ga ma'aikata suna kankare tsatsa suna shafa fenti. Jirgin yana da manyan injuna da dama masu ba da wutar lantarki, kuma an yi su da yawa ne da gangan, domin a iya tsayar da ɗaya a kwance shi a duba, sauran suna jan jirgi. Kowane inji akwai littafinsa: idan ya yi awa kaza yana aiki, a canza kaza, ko ya nuna alamar lalacewa ko bai nuna ba. Haka bututan ruwa, da na bayan gida, da injin da ke tace ruwan teku ya zama na sha, da kwale-kwalen ceto. Aikin da ba ya yiwuwa a kan ruwa, kamar duba cikin jirgi daga ƙasa, shi ne ake tarawa sai an kai shi tashar gyara, inda ake janye ruwan jirgi ya zauna a kan busasshen wuri. Dokar da ta tilasta wannan bincike, wadda ake kira SOLAS, an fara tsara ta a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912, kuma wadda ake aiki da ita yanzu ta 1974 ce.

Wanda ke ganin ƙarar guduma ta dame shi, sai ya dubi abin da ya sami jirgin Carnival Triumph a watan Fabrairu na 2013, a Tekun Meziko. Wani bututun mai ne ya yi yoyo, man ya zuba a kan ƙarfe mai zafi, wuta ta tashi a ɗakin inji. An kashe wutar, amma jirgin ya rasa ƙarfin tafiya, da mutum fiye da 4,000 a ciki. Bayan gida ya daina aiki, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, sai da aka yi kwana huɗu ana fama kafin a jawo shi zuwa tashar Mobile a Amurka. Bututu guda ne ya jawo wannan duka. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, mu koma gida. Ƙofar Kibo ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar Zariya, tare da Ƙofar Doka, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kona, da sauransu. Ganuwar nan, wadda tsawonta ya haura kilomita 10, da ƙasa aka gina ta, a ƙasar da ake ruwa kamar wata biyar kowace shekara. Yaya aka yi ta tsaya ɗaruruwan shekaru? Ta tsaya ne domin ana komawa kanta. Idan damina ta wuce, akan yi gayya a cike inda ruwa ya zaizaye, mutane suna shige da fice ta ƙofofi kamar kullum. Bayan da Turawa suka shigo Zariya a 1902, yaƙi ya kau, gayyar ganuwa ita ma ta kau. Yau wanda ya bi gefenta zai ga inda ta zube, da inda aka ɗebi ƙasarta, da inda aka ci ta da gini, da inda ta zama juji. Abin da mayaƙa ba su iya yi mata ba, rashin yaɓe ya yi mata.

Ko Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, wanda masana gini daga ƙasashe da dama ke zuwa kallon bakan gizonsa, sai da aka lulluɓe shi da ginin siminti a shekarun 1970. Ba mu zargi waɗanda suka yi haka ba, don sun yi ne da niyyar ceto abin da ya rage. Amma mu dubi Janne a ƙasar Mali, inda babban masallacin ƙasa, wanda aka sake ginawa a 1907, yake tsaye har yau. Kowace shekara mutanen gari kan fito kwansu da kwarkwatarsu su yi masa yaɓe, kuma itatuwan da suka fito daga jikin bangonsa, a kansu masu yaɓe ke takawa. Watau tun ranar gini aka yi wa gyara tanadi, daidai da yadda maƙeran jirgi ke ƙara inji don a samu na tsayarwa.

Mun san za a ce mana zamanin ginin ƙasa ya wuce, siminti da kwano ba sa bukatar yaɓe. Wannan shi ne babban kuskuren da ya shiga kanmu mu 'yan boko. Siminti yana tsagewa, kwano yana tsatsa, famfo yana yoyo, kwalta tana fashewa. Bambancin kawai shi ne ginin ƙasa yana gaya maka gaskiya kowace damina, na siminti kuwa yakan yi shiru shekara goma, sa'an nan ya kawo maka lissafi gaba ɗaya. Mu dubi ɗakunan kwananmu na ɗalibai. Famfo ya fara ɗiga, mu wuce. Ƙyauren tagar ya karye, mu toshe da kwali. Sai bayan gida ya toshe, wari ya hana barci, sa'an nan mu yi zanga-zanga, a rufe ginin, a ba da kwangila mai tsada don aikin da da an yi shi tun farko ba zai wuce kuɗi kaɗan ba.

Haka abin yake a ma'aikatu. Sabon gini yana da bikin buɗewa, da allon suna, da hoto a jarida. Gyaran bututu ba shi da ko ɗaya, shi ya sa idan kuɗi suka yi ƙaranci, kason gyara ake fara yankewa. Ƙasar nan ta taɓa mallakar kamfanin jiragen ruwa nata na kanta, wanda aka kafa a 1959, aka rushe shi a 1995 bayan bashi ya yi masa katutu, jiragensa sun tsufa sun lalace. Wanda bai iya riƙon abin da ke hannunsa ba, ko an ba shi sabo, haka zai yi da shi.

Duk da haka, fasinjan da ke kuka yana da gaskiya ta wani gefen. Haƙƙinsa ne a gaya masa tun da wuri cewa za a yi aiki a wuri kaza, ranar kaza, kuma a zaɓi lokacin da ba zai hana shi barci ba. Maginin Ƙofar Kibo ma ba ya hawa soro sai ya yi sallama an shaida wa matan gida. Gyara cikin jama'a yana bukatar ladabi, kamar yadda jama'a ke bukatar haƙuri.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai, da yayyenmu da suka riga mu kama aikin Gwamnati. Mu nemi ƙungiyarmu ta ajiye littafi a kowane ɗakin kwana, a rubuta duk abin da ya lalace da ranar da aka kai rahoto, a riƙa karanta shi a taron majalisa. Wanda ya sami kujera a ofis, kada ya sa hannu a takardar sabon gini sai ya ga kuɗin kula da shi a rubuce shekara-shekara. Idan an nuna masa kuskure a nan, ya tuna gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu kuma daina raina magini, da mai gyaran famfo, da makanike, domin da guminsu muke kwana lafiya. A hutu mai zuwa, waɗanda suka fito daga cikin birni su je su ga masu unguwanninsu, a tsai da rana guda ta gayya, ko da kwashe shara daga gindin ganuwa ne da buɗe magudanar ruwa kafin damina.

Ba za a taɓa samun ranar da za a kwashe mutanen Zariya a ajiye su wani wuri don a gyara musu gari ba. Muna ciki za a yi, kuma da hannunmu. Allah Ya ba mu ikon riƙon amanar abin da muka gada, amin.